Jimirin Tarayya Tsakanin Ma'aurata a Jinyar Sankarar Mama: Nazari a Kan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi kama mata a Nijeriya, kuma sau da yawa tana samun mace ne tana ɗakin mijinta, tana tsakiyar renon 'ya'ya. Wannan maƙala ta yi nazarin yadda miji da mata ke ɗaukar nauyin cutar tare a ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi na arewacin Jihar Zamfara. An ɗora nazarin a kan ra'in jimirin tarayya, aka auna shi da tsarin zaman auren Hausawa da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya. Maƙalar ta gano cewa a wannan yanki jimirin ma'aurata ya fi bayyana a aikace fiye da a baki, kuma abubuwa uku da ke hannun miji, wato izini da kuɗi da rakiya, su ne kan gaba wajen yanke lokacin da mace za ta isa asibiti da yiwuwar ta kammala magani. Saboda haka ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar miji a matsayin abokin jinya tun daga ranar farko.

1.0 Gabatarwa

Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mata kimanin miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a duniya a wannan shekara, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin kamu 32,278 da mace-mace 16,332. Ke nan a duk mata biyu da aka gano da cutar, ana binne ɗaya.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mace-macen sankarar mama da kashi 2.5 cikin ɗari a kowace shekara har zuwa 2040. Shirin ya tsaya a kan ginshiƙai uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti, sannan aƙalla kashi 80 su kammala magani. Waɗannan ginshiƙai an tsara su ne don asibitoci da gwamnatoci, amma a ƙasar Hausa kowane ɗayansu yana farawa ne daga shawarar da aka yanke a cikin gida.

Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Na farko, ta wace hanya ma'aurata a arewacin Zamfara ke bayyana wa juna cutar da raba nauyinta? Na biyu, mene ne ke ƙarfafa auren ko ya raunana shi a lokacin jinya? Na uku, ina ne ra'in da masana suka gina a Turai da Amurka ya dace da gidan Bahaushe, ina ne kuma yake buƙatar gyara?

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Lazarus da Folkman (1984) sun kalli jimiri a matsayin aikin mutum ɗaya: ya auna abin da ya same shi, ya auna ƙarfinsa, sannan ya tunkari matsalar ko ya lallashi zuciyarsa. Coyne da Smith (1991), a nazarin da suka yi wa ma'auratan da mazajensu suka yi fama da bugun zuciya, sun ƙara ɓangare na uku, wato ƙoƙarin kare dangantakar kanta. Sun rarrabe tsakanin tunkarar lamari tare da abin da wannan maƙala za ta kira ɓoyon tausayi, inda ɗaya ke ɓoye damuwarsa ko gaskiyar ciwo don kada hankalin ɗaya ya tashi. Bodenmann (1995, 1997) ya haɗa waɗannan cikin ra'in jimirin tarayya, wanda ke ganin damuwar ɗaya daga cikin ma'aurata damuwar biyun ce. Kayser da Watson da Andrade (2007) sun yi amfani da wannan tunani a kan sankarar mama, suka nuna cewa ma'auratan da ke ɗaukar cutar a matsayin tasu su biyu sun bambanta da waɗanda ke barin ta a kan mai ita.

Alƙaluma daga Amurka sun nuna fuskoki biyu na aure a lokacin jinya. Aizer da abokan aikinsa (2013) sun gano cewa masu aure sun fi zuwa asibiti kafin cutar daji ta bazu, sun fi samun cikakken magani, kuma sun fi tsawon rai. Glantz da abokan aikinsa (2009) kuwa sun gano cewa aure ya mutu a kashi 20.8 na lokutan da matar ce mai tsananin ciwo, alhali kashi 2.9 ne kawai idan mijin ne.

A Afirka, bitar Jedy-Agba da abokan aikinta (2016) ta nuna cewa kashi 77 na baƙaƙen matan kudu da Sahara ana gano cutarsu ne a mataki na 3 ko na 4. Binciken McCormack da abokan aikinta (2020) a ƙasashe biyar ya nuna cewa kashi 36 ne kacal na matan Nijeriya da aka bibiya suka kai shekara uku da rai bayan gano cutar, adadi mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen.

Aikin da ya fi kusa da farfajiyar wannan nazari shi ne na Odigie da abokan aikinsa (2010) a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sun bibiyi matan aure 81 da aka cire wa mama. Bayan wata shida, kashi 67.9 suka ce suna jin macentakarsu ta tawaya, kashi 79 kuma suka ce tarayyar shimfiɗa ta ragu. Bayan shekara uku, kashi 38.3 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu.

Ta fuskar al'ada, Hill (1972) ta bayyana sana'o'in matan kulle da dukiyarsu ta ƙashin kansu a Batagarawa. Last (1981) da Wall (1988) sun nuna yadda Bahaushe ke zirga-zirga tsakanin wanzami da boka da malami da asibiti ba tare da ya ga saɓani a tsakaninsu ba. Cooper (1997) ta nazarci sauye-sauyen aure a Maraɗi. Giɓin da ya rage shi ne haɗa waɗannan ɓangarori uku, na likitanci da na halayyar ɗan'adam da na al'ada, a kan yanki guda.

3.0 Hanyar Nazari da Ra'i

An bi hanyar ƙwanƙwance bayanai daga tushe huɗu: sakamakon binciken likitoci da aka wallafa, alƙaluman ƙasa kamar Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na 2018, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan yankin, da kuma maganganu da ɗabi'un yau da kullum da suka shahara tsakanin Hausawa game da ciwo da jinya. An ɗauki alƙaluman ƙasa da na Zariya a matsayin ma'auni, aka ɗora su a kan yanayin ƙananan hukumomin uku. Misalan da aka kawo siffofi ne na abin da ya zama ruwan dare, ba labarin wani gida guda ba.

Ra'in Bodenmann ya kasa jimirin tarayya gida biyar: bayyana damuwa, jimirin tallafi, inda ɗaya ke dafa wa ɗaya, jimirin wakilci, inda ɗaya ke karɓar ayyukan ɗaya, jimirin haɗaka, inda suke tunkarar matsala tare, da gurɓataccen jimiri, wato taimakon da ke tafe da gori ko na ganin ido. Da waɗannan rukunoni aka yi nazarin da ke sashe na 5.

4.0 Farfajiyar Nazari

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tare da Birnin Magaji, su ne mazaɓar dattawa ta Zamfara ta Arewa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin uku mutum sama da 700,000, akasarinsu Hausawa da Fulani Musulmi, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Jihar ce ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, kuma al'amuran aure da saki da ciyarwa suna gaban alƙalan Malikiyya.

Kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku yana da babban asibiti. Daga nan ana tura majinyata Gusau, kimanin kilomita 60 daga Ƙaura Namoda. A Gusau ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke. Mai buƙatar gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken inji, kuwa sai ta nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Zariya, kowanne kusan kilomita 200 daga Gusau, ko kuma sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara wa waɗannan hanyoyi nisa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, ciki har da kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Ƙauyuka da dama sun watse, wasu suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma ko girbi. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Ma'aikatar Lafiya a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024, an samu kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. A irin wannan yanayi ne ake yanke shawarar kashe kuɗi a kan ƙullutun da bai fara ciwo ba.

5.0 Nazari

5.1 Bayyana Damuwa: Kunya da Jinkiri

Sankarar mama takan fara ne da ƙullutu mai tauri wanda ba ya zafi. Wani lokaci kan mama ya lotsa ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka, ko kaluluwa ta fito a hammata. Mace takan ji shi a wurin wanka ko shayarwa. Wadda za ta fara sani yawanci mahaifiyarta ce, ko yayarta, ko aminiya, domin an taso a kan cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan ta zo gaya wa miji, sai ta sakaya: "Malam, akwai abin da ke damuna a ƙirji." Shi kuma ya ce, "Allah ya sawwaƙe, bari a samo magani." Jimla biyu ke nan, kuma babu wadda ta ambaci mama ko asibiti.

Wannan sakayawa ladabi ne a al'ada, amma tana da tsada a likitance. Mijin da bai san girman abin ba zai sayo ƙwayoyi a kemis, ko ya karɓo rubutu da tofi, ko a kira mai magani ya shafa ganye. Idan wurin ya kumbura aka ɗauke shi maruru, wanzami na iya yi masa sakiya, gyambon ya ƙi warkewa. A nan ne maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe ke samun gindin zama, har a ji tsoron allura da gwajin tsoka. Abin da ya haifar da wannan imani a bayyane yake: matan da aka gani sun rasu bayan aiki galibi sun isa asibiti ne cutar ta riga ta bazu, sai aka ɗora wa wuƙar likita laifin jinkiri. Gwajin tsoka shi ne kaɗai ke tabbatar da cutar, kuma mafi yawan ƙullutun mama ba daji ba ne.

Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 44 ne kawai na matan aure a Nijeriya ke da ta cewa a kan lafiyar jikinsu. Inda ake kulle, fita asibiti na buƙatar izini da kuɗin mota da ɗan rakiya. Saboda haka tambayar da miji ya yi a daren da aka fara gaya masa, da amsar da ya bayar da safe, su ne matakin farko na ginshiƙin kwana 60.

5.2 Ɓoyon Tausayi

Bayan sakamako ya fito, ɓoyon yakan juya. Miji ko yayan matar ya keɓe da likita ya roƙe shi: "Kada a gaya mata, hankalinta zai tashi." Ita ma, da ta karanci fuskokin mutane, sai ta ɓoye tsoronta, duk wanda ya tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Kowannensu yana kare ɗan'uwansa, kowannensu kuma yana ɗauke da kayan shi kaɗai.

Niyyar tana da kyau, amma sakamakon yana da illa iri biyu. Macen da ba ta san sunan cutarta ba, ba ta da dalilin jure wahalar zagaye na uku da na huɗu na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, idan ƙullutun ya motse. Sai ta ɗauka ta warke. Haka nan ana tauye mata damar shirya al'amuranta, kamar wasiyya da biyan bashi da zaɓar wanda zai riƙe 'ya'yanta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin sanin halin da yake ciki da zaɓin magani, ta kuma kare sirrinsa. Tsarin da ya dace da dokar da al'ada shi ne a fara tambayar matar wanda take so ya zauna da ita, sannan a yi musu bayani tare, da Hausa, a zama fiye da ɗaya.

5.3 Jimirin Wakilci: Kuɗi, Hanya da Haƙƙin Ciyarwa

Maganin sankarar mama doguwar tafiya ce. Kemo yakan ɗauki zagaye 6 zuwa 8, mako uku tsakanin kowanne, da gwajin jini kafin kowane zagaye. Gashi yana buƙatar zuwa kullum, kwana biyar a mako, tsawon mako 3 zuwa 5, wanda ke nufin neman masauki a Sakkwato ko Zariya ko Katsina. Wadda cutarta ke da alaƙa da sinadaran jikin mace za ta sha ƙwaya irin Tamoxifen shekara 5 zuwa 10. A ƙasar da sama da kashi 70 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a, wannan nauyi a kan gida yake sauka.

Gida yakan bi matakai wajen tara kuɗin. A fara da ɗaukar adashi da gudummawar dangi, sai awakin matar da tumakinta, sai kayan ɗakinta, sai hatsin rumbu, daga ƙarshe a jinginar da gona. Abin lura shi ne dukiyar matar ce ke fara tafiya. Idan jinyar ta faɗo da damina, manomi daga ƙauyukan Zurmi yana zaɓe ne tsakanin raka matarsa da noman abin da gidan zai ci shekara.

Fiƙihu yana da ta cewa a nan. Mukhtasar na Shaihu Halil bai lissafa magani da ladan mai magani a cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba, kuma wasu mazan na fakewa da wannan su mayar da nauyin kan iyayen matar. Sai dai a cikin mazhabar kanta an ruwaito daga Ibn Abdil Hakam cewa kuɗin likita da magani suna kan miji. Wahbatuz Zuhaili, daga malaman wannan zamani, ya rinjayar da wajabcinsa, bisa hujjar cewa magani a yau ya zama larura kamar abinci. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, ƙasar da ke bin Malikiyya, ta sanya magani a cikin ciyarwa ƙarara. Akwai kuma abin koyi daga tarihi: Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, da umarnin Manzon Allah (SAW), aka kuma ba shi lada da rabon wanda ya halarta.

Akwai tallafin hukuma da ya kamata ma'aurata su sani. Asusun Tallafin Masu Cutar Daji na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na Zariya, don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu. A cikin jiha kuma akwai Hukumar Zakka da Waƙafi. Cike takardu da bin ofisoshi aiki ne da ya fi sauƙi ga miji, kuma yana cikin jimirin wakilci.

5.4 Jiki, Shimfiɗa da Haihuwa

Alƙaluman Zariya sun nuna cewa tun a wata shida na farko bayan aiki zumuncin ma'aurata kan fara raunana. Macen da aka cire wa mama takan cusa tsumma a rigar mama, ta yafa mayafi ko a tsakar gida, ta daina cire riga a gaban mijinta. Kemo ya zubar da gashin da ake yi wa kitso, farce da tafin hannu su yi duhu, al'ada ta ɗauke, kasala ta rufe ta. Hannun ɓangaren da aka yi aiki na iya kumbura har daka da ɗaukar ruwa su gagara. Idan kuma gyambo ya buɗe yana wari, sai ta yawaita turaren wuta, ta janye daga mutane, wani gidan har a ware mata kwano da moɗa.

Yawancin nisantar da ke biyo baya jahilci ne ke haddasa ta. Sankarar mama ba a ɗaukar ta ta shimfiɗa ko kwano ko tufafi. Saduwa ba ta ƙara cutar idan rauni ya warke kuma matar ta samu ƙarfi. Abin da likitoci ke hanawa shi ne ɗaukar ciki a lokacin kemo da gashi da shan Tamoxifen, saboda lafiyar ɗan tayi, kuma wannan shawara ce da ba ta yiwuwa sai da yardar miji. Inda ake auna darajar mace da haihuwa, dakatar da ita na shekaru babban al'amari ne. Ma'aikacin lafiyar da ya sallami ma'aurata bai taɓo waɗannan batutuwa ba ya bar su da tambayoyin da kunya ba za ta bari su yi wa kowa ba.

5.5 Kishiya, Dangi da Tafiya Gida Jinya

A nan ne ra'in Bodenmann ke buƙatar gyara, domin an gina shi a kan gida mai mutum biyu. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 31 na matan aure a Nijeriya suna da kishiya, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Kishiya na iya zama babbar madafa: ta karɓi girki, ta yi wa yara wanka, ta riƙe gida lokacin da miji ya tafi rakiya. Tana kuma iya zama wadda ake zargi da jifa ko sammu, zargin da ke raba gida ya kuma karkatar da kuɗin magani zuwa neman karya asiri. Wanne daga cikin biyun zai faru ya danganta ƙwarai da adalcin miji. Fiƙihun Malikiyya ya wajabta rabon kwana ko da saduwa ba ta yiwuwa, domin manufarsa ɗebe kewa. Sankara kuma ba ta cikin aibobin da malamai suka lissafa masu ba da zaɓin warware aure, irin su hauka da kuturta.

Al'adar mayar da mace gidan iyayenta jinya ita ma fuska biyu gare ta. Uwa da 'yan'uwa mata sun fi iya wankin gyambo da kwana a kan majinyaciya. Idan miji yana zuwa dubiya, yana aiko da cefane, yana raka ta asibiti, to jinyar gida faɗaɗa jimirin tarayya ce. Idan kuwa ƙafarsa ta ɗauke, aike ya tsaya, aka ji ana neman masa aure, to rabuwa ce da ba a rubuta takarda ba. Wannan shi ne gurɓataccen jimiri a sigarsa ta gida, tare da ɗan'uwansa gori, irin su "duk abin da na tara ya ƙare a kanki."

5.6 Jimirin Haɗaka: Addu'a da Aiki

Mafi ƙarfin abin da ma'auratan yankin ke tarayya a kai shi ne imani. Haƙuri da tawakkali da yarda da ƙaddara suna ba ciwo ma'ana, suna cire tunanin cewa laifin wani ne. Addinin da ya koyar da su shi ne kuma ya yi umarni da neman magani, don haka tofi da kemo ba kishiyoyi ba ne matuƙar ɗaya bai tsayar da ɗaya ba.

Ra'in Turawa ya fi auna kusanci da yawan tattauna abin da ke zuciya. Bahaushe mai kunya ba lalle ya furta ba. Ana gane nasa a riƙe katin asibiti da tuna ranar komawa, da zama a benci a ƙofar ɗakin kemo, da sayo abin da bakinta ke so ranar da amai ya lafa, da cin abinci a kwano ɗaya da ita a gaban mutanen gida. Ma'aunin da ya ƙirga kalmomi kawai zai raina jimirin irin wannan miji, ya kuma kasa gano wanda ke da daɗin baki amma ba ya zuwa.

6.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, jinkirin zuwa asibiti yana farawa ne daga sakaya magana tsakanin mata da miji, kafin talauci da rashin tsaro su ƙara masa tsawo. Na biyu, ɓoyon tausayi yana gudana ta ɓangarori biyu, kuma yana taimakawa wajen katse magani. Na uku, rukunin da ke jimiri a yankin ya wuce mutum biyu, ya haɗa da kishiya da dangin matar, amma miji ne ke saita alƙiblarsa. Na huɗu, hukunce-hukuncen da ke kare majinyaciya suna nan a cikin fiƙihun da jama'a suka yarda da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne karantar da su.

7.0 Shawarwari

1. Asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su sanya duba mama a cikin awon ciki da rigakafin yara, inda mata ke zuwa da izini tun asali, da ma'aikata mata.
2. Cibiyoyin da ke ba da magani su ware zaman bayani na ma'aurata, da yardar matar, kafin aiki da bayansa, wanda zai taɓo shimfiɗa da tazarar haihuwa.
3. A kai wayar da kai inda maza suke: huɗubar Juma'a, majalisu, kasuwanni da rediyo, da saƙo guda, cewa duk ƙullutun mama a kai asibiti a makon da aka ji shi.
4. Malamai da alƙalan jihar su yi nazarin matsayin kuɗin magani a cikin ciyarwa, su fitar da matsaya bayyananniya.
5. Hukumar Zakka da Waƙafi da masu hali su ɗauki nauyin mota da masauki ga masu zuwa gashi, domin su ne kuɗin da ba ya cikin lissafin asibiti.
6. Masu bincike su tsara ma'aunin jimiri da Hausa, wanda zai ƙirga ayyuka, ya kuma shigar da kishiya da dangi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun sankarar mama daga ranar da mace ta ji ƙullutu zuwa shekarun shan ƙwaya, ta nuna cewa a kowane mataki akwai shawarar da ba ta yankuwa sai da miji. Binciken Zariya ya nuna aure 38 cikin ɗari sun mutu ko ma'auratan sun rabu, ya kuma nuna kusan 62 sun tsaya, kuma daga waɗanda suka tsaya ne ya kamata a koyi darasi. Injin gashi da magunguna nauyin gwamnati ne. Ba da izini da wuri, da faɗin gaskiya, da rakiya, da riƙe aure har ƙarshen jinya kuwa suna hannun magidanta, kuma duk shirin yaƙi da sankarar mama a arewacin Zamfara da ya bar su a waje ba zai cimma ko ɗaya daga cikin ginshiƙan nan uku ba.